Ƙafar Da Ta Daina Ba Da Labari

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ke saukar da ciwo, kuma a hannunSa sauƙi yake. Sunana Sale, tela ne ni, shagona yana bakin Babbar Kasuwa. Ni ba mutumin rubutu ba ne, in ka cire awon riga da wando. Abin da ya zaunar da ni shi ne, satin da ya wuce wani bawan Allah ya zo shagona yana ɗingishi, ya ce an gaya mashi wai ni na san irin babur ɗin da ya dace da mai ciwon ƙafa. Na sani kam, amma a makare na sani. Na ba shi kujera na yi mashi bayani har azahar, da ya tafi na ce gara in rubuta, don ba kowa ne zai gane hanyar shagona ba.

Yaya Lawal wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, gidanmu na nan unguwar Gobarau. Wanzami ne, shi ya ɗauki zabirar Baba, ni kau tun ina yaro jini ke sa ni jiri, sai na gudu na kama keken ɗinki. Wanda bai san wanzanci ba zai ɗauka aska ce dukiyar wanzami. A'a, gidaje ne. Baba ya bar mashi gidaje tun daga cikin birni har ƙauyukan bayan Batagarawa, gidajen da in an haihu shi za a kira askin suna, in sanyi ya shigo shi zai yi wa yara kaciya. Kuma suna ba ya jiran kowa. Ran bakwai in ba ka zo ba wani za a kira, in aka kira shi sau biyu, to gidan ya zama nashi. Wannan shi ne abin da Yaya ke tsoro fiye da ciwon kanshi.

Ana saura 'yan kwanaki zaɓe, shekarar da soja suka miƙa mulki, yana dawowa daga wani askin suna da hantsi, sai motar 'yan kamfen ta kwashe shi da babur ɗinshi. Ba su tsaya ba, suna ta kiɗa abinsu. Har yau ban san ko 'yan wace jam'iyya ba ne, kuma na bar su da Allah, ko da yake ba kullum nake iya barin ba. Babur ɗin ya tashi daga aiki. Ƙafar dama ta karye ƙasa da gwiwa, gwiwar ma ta bugu.

Ni na ce asibiti. Kawu Mamman, ƙanen mahaifiyarmu, wanda shi ne babbanmu yanzu, ya ce, "Asibiti? Su yanke mashi ƙafa? Ku kai shi wurin mai ɗori, ni na san wanda ya ɗora ni." Ba a musu da Kawu, muka kai shi. Mai ɗorin ya ja, ya jera kara, ya ɗaure tam. Satin farko Yaya bai iya cin abinci ba don azaba. Sati na biyu yatsun suka kumbura suka yi baƙi-baƙi, aka ce jini ne ke sauka. A sati na uku ya ce mana ciwon ya lafa, ba ya jin komai, muka yi ta hamdala, Yaya Rabi matarshi har waina ta yi sadaka. Ashe wannan rashin jin shi ne masifar.

Da muka kai sati shida ƙafa ba ta taku, ban shawarci kowa ba na ɗauko tasi. Kwana biyu muna bin layi, na kati daban, na hoto daban, na ganin likita daban, Yaya na kwance bisa benci ina yi mashi fifita da kwalin hoton. Akwai wata nas da ta daka mani tsawa kamar ɗanta, akwai kuma wani malamin asibiti da ya ciccibi Yaya da hannunshi ya kai shi gado ba tare da ya san mu ba. Allah Ya saka mashi da alheri, ita kau Allah Ya shirye ta. Kuɗi sun tafi, ba zan tsaya lissafi ba, gonar Yaya ta hanyar Batagarawa dai a nan ta tafi.

Aka sake gyara ƙashin, aka sa siminti. A nan ne kuma aka gano yana da ciwon suga, abin da ba mu taɓa sani ba. A ɗakin marasa lafiya muka ji bikin miƙa mulki a rediyon wani majinyaci, mutane na ta murna wai an huta da soja. Yaya ya juyo ya ce mani, "Sale, matar Alhaji Bature ta kusa haihuwa fa." Alhaji Bature shi ne mai gidan da ya fi kowane daɗewa a hannunmu, tun kakanmu ake yi masu aski.

Ranar da aka fasa simintin, likitan ya ɗauki allura ya riƙa tsikarar ƙafar tun daga yatsu har sama da idon sawu. Yaya na kallon silin. Likitan ya kira ni da Yaya Rabi, ya ce, "Ƙashi ya kama, gwiwa ba za ta lanƙwasu sosai ba, wannan da sauƙi. Amma ku saurara. Ƙafar nan ta daina ba da labari. Ko ƙaya ta taka, ko wuta, ba za ta gaya mashi ba. Ku ne za ku riƙa duba mata, safe da yamma." Na ce to. Wallahi na ji maganar, har na maimaita ta ga Kawu.

Damina duka Yaya na gida yana koyon tafiya da sanda. Wani wanzami, Malam Ɗanjuma, ya riƙa zuwa gidajen a madadinshi, kuma tsakani da Allah da farko har tukuicin yake kawowa. Amma mutane suka fara sabawa da fuskarshi. Sai ka ji an yi suna a gidan wane, ba a ko aiko mana da goro ba. Duk ranar da irin wannan labari ya zo, Yaya ba ya cin tuwo, sai ya ɗauko zabira ya zauna yana wasa asaken da ba su da abin askewa.

A wancan lokacin Yaya Rabi ce ke wanke mashi ƙafar duk alwala, don ba ya iya sunkuyawa ya kai gare ta. Sau biyar a yini tana ganin ƙafar nan, ba da niyyar dubawa ba, amma dubawar ke nan. Abin ya dame shi, ya ce shi ba zai koma yawon ƙauyuka yana neman mai wanke mashi ƙafa a gidan mutane ba. Sai Kawu ya kawo shawarar huffi, wato safar nan ta fata. Ya ce in mutum ya sa ta da cikakkiyar alwala, sai ya riƙa shafa a kai, ya cire ran Juma'a. Aka tambayi liman ya ce haka ne. Malamai ba su yi kuskure ba, halas ne. Amma liman bai san ƙafar ba ta ji ba, mu da muka sani ba mu faɗa mashi ba. Ni da kaina na kai awo wurin baduku, na zaɓi baƙar fata mai kauri. Saboda kumburi, sai mutum biyu sun taru ake sa ta, don haka ko wanka zai yi sai ya ɗaure ta da leda ya ɗora bisa kujera, yadda ya saba lokacin siminti.

Da sanyi ya fara shigowa, Alhaji Bature ya aiko. Waccan haihuwar Malam Ɗanjuma ya yi askin, yanzu kuma matar ɗanshi ta sauka, suna ran Lahadi. Ya ce in Malam Lawal zai iya zuwa, gidan nashi ne, in ba zai iya ba, ba komai. Kowa ya san ma'anar wannan ba komai ɗin. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci, da sabuwar alwala da huffi a ƙafa, muka ɗauki Yaya zuwa wurin masu sayar da babura, tare da Iro bakanike, wanda shi ke gyara mashi tsohon.

Lokacin babura sun fara cika gari, 'yan siyasa na rabawa, kowane matashi ya zama ɗan acaɓa. Muka ware guda uku. Akwai babba mai ƙarfi, akwai matsakaici, akwai kuma ƙaramin nan da ake ce wa ledis, marar tanki a tsakiya.

Babban muka fara gwadawa, don irinshi Yaya ya saba hawa. Da ƙyar ya ɗaga ƙafar ya tsallaka. Yana zama babur ya karkata dama, ƙafar ta ƙi tokarewa, sai da mu uku muka tare. Kuma da kiki ake tayar da shi, sai an buga da ƙafa, kikin ga shi a dama. Yaya ya sauka yana haki.

Iro ya dafa ledis ɗin ya ce, "Malam Lawal, in ta ni ce, ga naka nan. Ba ka tsallaka komai, zura ƙafa kawai za ka yi. Ba nauyi, kuma injin a rufe yake da roba, babu abin da zai taɓa ka."

Na ga Yaya ya miƙa hannu ya kama kan babur ɗin, yana jinjina shi. Ni kuma da wannan bakin nawa da ba ya shawara da ni, sai na yi dariya na ce, "Haba Iro. Wanzamin gidan Alhaji Bature ya shiga gari bisa babur ɗin ungozoma? Ai sai a ce haihuwar ya zo karɓa." Masu shagon suka kwashe da dariya. Na ƙara da cewa rairayin hanyar zai riƙe ƙananan tayoyin, kuma wannan akwai gaskiya a ciki, amma ba don ita na faɗa ba. Yaya ya saki kan babur ɗin a hankali, ya sa hannun a aljihu.

Matsakaicin ya yi mana kyau ta ko'ina. Yana zaune ƙafafunshi biyu na ƙasa, ƙafar hagu kaɗai ta isa ta riƙe nauyin, giya a hagu take, kuma yana da sitata, da yatsa ake tayarwa. Matsala ɗaya ce, gwiwar ba ta lanƙwasuwa ta kai matakin ƙafa. Iro ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya ce sai an matsar da matakin gaba, a tsawaita birkin yadda zai danna da dunduniya. Ya ce, "Amma ku ba ni kwana uku. Wurin nan kusa da wuyan salansa ne, inda ya fito daga inji, sai na ƙera mashi kariya."

Na ce, "Kwana uku? Suna jibi ne, Iro. In an yi sunan nan babu shi, babur ɗin ma ba shi da amfani."

Ya ce, "To, Sale, ku kuka sani."

Muka sayi matsakaicin. Ran Asabar na tsaya a kan mai walda har ya gama. Akwai wani ɗan farantin ƙarfe da ke rufe wuyan salansar, sai da aka cire shi kafin waldar ta zauna, da aka gama kuma ya ƙi komawa. Na sa shi a aljihu na ce Litinin sai Iro ya san yadda zai yi da shi. Yana nan a shagona har yau, cikin gwangwanin maɓallai.

Ba zan ɓoye ba, satin nan shi ne mafi daɗi da muka gani a shekarar. Ran Lahadi da sassafe Yaya ya rataya zabira, ya ɗaure sandar a bayan sit, ya danna sitata. Ya yi askin jikan Alhaji Bature, Alhaji ya riƙe hannunshi ya ce ya ga Baba a fuskarshi. Litinin ya yi wani gida, Talata biyu, Laraba ya je duba yaran da za a yi wa kaciya. Litinin ɗin da na ce za a kai wa Iro ba ta samu ba, babur bai zauna ba. Yaya ya dawo cin tuwo har da neman ƙari, yana tsokanata wai in ina so ya koya mani aski ko yanzu.

Daga baya Yaya Rabi ta ce mani tun ran Lahadi take jin ƙaurin babbaka a jikinshi in ya dawo. Ta ɗauka na gidan suna ne, inda ake babbake kai da ƙafafun rago, ai wanzami kullum da wannan ƙaurin yake dawowa. Ni kuma ran Talata na ga fatar huffin ta ƙanƙance ta yi tauri ta wajen idon sawu na ciki. Ka san abin da na ce? Na ce baduku ya cuce mu da fata marar kyau. Idona ya gani, na tsaya zagin baduku.

Ran Alhamis zazzaɓi ya rufe shi, muka ce na sauro ne, aka sayo magani a kemis. Ran Juma'a da hantsi na zo mu cire huffin ya yi wanka, sai ta ƙi fita. Na ja, ta ƙi. Na aika aka ɗauko mani almakashina na yanka ta. Ba zan bayyana abin da na gani ba, don masu karatu wataƙila suna cin abinci. Fatar rago da fatar mutum sun zama ɗaya, wuri kamar tafin hannu, kuma ya riga ya ruɓa. Kwana huɗu wuyan salansa na gasa shi, zuwa da dawowa. Yaya Rabi ta toshe bakinta da gyale ta fita. Shi kau yana zaune yana tambayata, "Sale, mene ne? Me ka gani?"

Likitan nan dai muka ishe. Ya duba, ya daɗe bai ɗago ba. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce, "Malam Sale, yaushe rabon da ku duba ta?" Na ce Juma'ar da ta wuce. Ya ce, "Safe da yamma na ce." Daga nan ya juya ya rubuta mani abin da za a sayo.

Sati biyu ana wanki ana allurai. Satin farko suka ce a sa rai za ta warke, suga ne ke hana naman tsirowa. Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa da maganinshi, wannan ya ce zuma, wancan ya ce garin sassaƙe, wata gwaggonmu ta ce sammu ne, a binciki Malam Ɗanjuma. Wallahi ranar na kusa yi mata rashin kunya, don na san mai sammun, kullum ina ganinshi a madubin shagona. Kawu ya zo ya zauna a bakin gado yini guda, da zai tafi ya kama hannun Yaya ya roƙe shi ya yafe mashi. A sati na biyu baƙin ya fara hawa sama, zazzaɓi ya ƙi sauka. Likita ya ce ko ƙafa ko rai.

Yaya ne ya sa hannu da kanshi. Kafin a shiga da shi na durƙusa na ce, "Yaya, ni ne. Ni na hana ka ledis, ni na hana Iro kwana ukunshi."

Ya ce, "Ni ma ai ina da baki, Sale, ban yi magana ba. Kunyar dariyar na ji. Tashi, mutane na kallo."

Ƙasa da gwiwa aka yanke. Aka miƙo mani ita, na naɗe ta da farin yadi daga shagona, ni da Kawu muka kai maƙabarta muka rufe bayan la'asar. Iro ya biyo mu har can, ko da yake ba wanda ya gaya mashi. A hanyar dawowa bai ce ai na faɗa maku ba, kuma har gobe ina ganin girmanshi saboda wannan.

Abin da na gaya wa mutumin da ya zo shagona ke nan. Na ce matsakaici ya fi, gaskiya ne, wanda ƙafarka mai lafiya za ta riƙe ita kaɗai, mai sitata. Amma kafin ka tambayi ƙarfin inji, ka tambayi ƙafar, tana ji ko ba ta ji. In ba ta ji, a tayar da babur ya yi zafi, ka hau, wani ya tsuguna ya zura hannunshi tsakanin ƙafarka da ƙarfe. In bakanike ya ce kwana uku, ka ba shi huɗu. In kuma ledis ce ta dace da kai, ka hau abarka, masu dariya ba su za su yi jinyarka ba.

Yaya ya rayu, alhamdu lillahi, muna gode wa Allah da Ya bar mana shi. Gidajen kau sun tafi, saura uku, ciki har da na Alhaji Bature, wanda ya ce muddin Malam Lawal na iya riƙe aska ba wanda zai taɓa kan jikokinshi. Babur ɗin bai sayu ba, duk wanda ya ga matakin a karkace sai ya fasa. Iro ya mayar da shi yadda yake, ya ƙera sabuwar kariya, ni na koyi hawa. In suna ya faɗo, sai in bar shago a rufe, in ɗauki Yaya a baya, zabira a kafaɗarshi, ƙafar wandon dama a naɗe an kama ta da fil.

Wani abu kuma ya zo da ba mu zata ba. Tun da aka yanke ta, ƙafar ta fara yi mashi ciwo. Likita ya ce haka abin yake, wasu har su tsufa suna jin gaɓar da babu ita. Shi abin da yake ji ƙuna ce, daidai idon sawu na ciki. Yawanci sai mun wuce Batagarawa, injin ya ɗauki zafi, sai in ji ya dafa kafaɗata.

"Tsaya, Sale. Salansa na ƙona ni."

Da farko nakan ce mashi Yaya babu komai a wurin. Yanzu na daina. Sai in gangara gefen hanya in kashe babur, in sauko, in tsuguna ta dama. In dubi wandon da ke naɗe, in dubi salansar, in sa hannuna a filin da ke tsakaninsu.

"Ka duba?"

"Na duba, Yaya."

"To mu je, kada a yanka rago ba mu iso ba."